Neman shawara: tikitin jirgi mai sauƙi daga Kano zuwa arewacin Maroko, Tanja da Shafshawan

Abban Khalil:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya. Muna da niyyar zuwa Maroko mu huɗu: ni da maiɗakina da mahaifiyata da yaronmu ɗan shekara bakwai. Hajiya, wato mahaifiyata, burinta ziyarar Shehu Tijjani a Fas, mu kuma muna so mu haɗa da yankin tsaunukan Rif da ke bakin teku, wato Tanja da Tetuwan da Shafshawan. Kwana goma muka ware. Dukanmu fasfon Najeriya ne, kuma daga Kano za mu tashi.

Na ga wani tikiti a intanet da ya fi sauran araha nesa ba kusa ba, ana ya da zango a Turai sannan a sauka Tanja kai tsaye. In saya ne ko akwai abin da ban gani ba? Wane wata ya fi dacewa? Sannan Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ko garuruwan nan za su yi mata?

Alhaji Mai Tikiti:

Wa alaikumus salam. Malam Abban Khalil, don Allah kada ka sa kuɗinka a wannan tikitin tukuna. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da dole ne 'yan ƙasarta su sami bizar ratsawa ko da a cikin filin jirgi kawai za su zauna a ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, haka ma Gana. Ana ɗauke wa mutum wannan sharaɗi ne idan yana riƙe da biza mai rai ta Shengen ko Amurka ko Kanada ko Japan. Tikitin da ka gani kuma da wuya in ba tikiti biyu ba ne aka liƙa su wuri guda: babban jirgi ya kai ka Paris ko Madrid, sannan ƙaramin kamfani mai araha irin su Ryanair ya ɗauke ka zuwa Tanja. A irin wannan haɗi kayanka ba sa wucewa da kansu. Sai ka bi ta shige da fice, ka ɗauki akwatunanka, ka sake kai su awo. Ka shiga Turai ke nan, cikakkiyar bizar Shengen ake buƙata, bizar ratsawa ma ba za ta yi ba. Tun a Abuja ko Legas ma'aikatan awo za su duba su hana ku hawa, kuma irin wannan tikitin ba a mayar da kuɗinsa.

Hanyoyin da ba su da wannan matsala su ne waɗannan. Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Abuja kai tsaye zuwa Kasabalanka, tafiyar awa huɗu da 'yan kai. EgyptAir yana ɗauka daga Kano ya bi ta Alƙahira. Qatar Airways ma yana zuwa Kano, sai dai ta Doha ya bi, wato ka nausa gabas can nesa sannan ka dawo yamma, yini da dare sun tafi. Turkish Airlines daga Abuja ta Istanbul. Da tsohuwa da yaro a tafiyar, ni tsakanin biyu zan ce ka zaɓa: Abuja kai tsaye, ko Kano ta Alƙahira idan zaman jiran bai wuce awa biyar zuwa shida ba.

Wajen kwatanta farashi, kada ka kalli lambar da aka rubuta da manyan baƙi kawai. Ɗauki takarda ka rubuta wa kowace hanya kuɗin tikiti na mutum huɗu, da kuɗin zuwa Abuja da dawowa, da kwanan otal a Abuja, da kuɗin akwati idan tikitin bai ƙunsa ba. Sau da yawa tikitin Abuja ya fi araha a fuska, amma da ka ɗora jirgin gida na mutum huɗu da masauki sai na Kano ya zo daidai da shi ko ya fi shi sauƙi. Akwai kuma ƙaramin ajin tikiti da ake sayarwa da akwati ɗaya ko babu akwati sam, a maimakon biyu masu kilo 23 da aka saba. Wanda zai je Fas ba ya dawowa hannu rabbana, don haka duba wannan layin kafin ka biya. Sayen ƙarin kilo a filin jirgi ya fi tsada a kan sayensa tun a intanet.

Yadda ake neman mai sauƙin: buɗe Google Flights ko Skyscanner, ka sa inda za ka tashi da Kasabalanka, ka buɗe kalandar farashi ta wata guda cur. Za ka ga ranakun da farashi ya faɗi, yawanci tsakiyar mako. Matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu yana rage kuɗi sosai idan aka ninka sau huɗu. Ka kunna saƙon sanarwa na sauyin farashi, ka fara sa ido tun saura wata uku, ka saya tsakanin saura mako goma da mako shida. Abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba: idan kujeru biyu ne suka rage a ajin mai araha kai kuma ka nemi huɗu, na'urar za ta sa muku duka a aji na gaba mai tsada. Gwada neman kujera biyu ka ga ko farashin ya sauka. In ya sauka, za ka iya saya kashi biyu, kai da Hajiya, uwargida da yaro. Ka shigar da yaron a matsayin yaro da ranar haihuwarsa, don ɗan ƙasa da shekara 12 yakan sami ragi. Bayan ka gano jirgin da kake so, ka je shafin kamfanin kansa ka kwatanta da na Wakanow ko Travelstart ko ejan ɗinka. In bambancin kaɗan ne, saya a wurin kamfanin, saboda ranar da aka sauya lokacin tashi da su za ka yi magana kai tsaye.

In ta hannun ejan ka saya, abin da za ka karɓa shi ne lambar tikiti mai alƙaluma 13 ga kowane mutum. Ta Royal Air Maroc tana farawa da 147, ta EgyptAir da 077. Lambar nan mai haruffa shida da ke saman takarda ajiyar kujera ce kawai, tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu in ba a biya ba. Mutane da yawa sun je filin jirgi da takardar ajiya suna zaton tikiti ce. Shiga shafin kamfanin da lambar da sunan mahaifi ka tabbatar da idonka, ka kuma duba cewa kowane suna ya zo harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurinsu.

Biza kafin tikiti. Ɗan Najeriya yana buƙatar bizar Maroko, ofishin jakadancinsu yana Abuja. Tun 2022 suna ba da biza ta intanet ta kwana 30, amma ga mai fasfo irin namu sai in yana da biza mai rai ko takardar zama ta irin su Shengen, Amurka ko Ingila. In babu, ofishin jakadanci za ku je. Ku kai takardar ajiyar kujera da ta otal wanda ake iya sokewa kyauta, sai biza ta fito sannan a yanki tikiti. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, ku kuma riƙe katin rigakafin shawara.

In Abuja kuka zaɓa, ku sauka Abuja kwana ɗaya kafin tashi. Jirgin gida tikitinsa daban ne, in ya makara babu ruwan kamfanin Maroko, kuma wanda bai hau zangon farko ba ana soke masa har na dawowa. A watannin hunturu hazo yana hana jirgi tashi daga Kano, wannan sananne ne. Jiragen Kasabalanka daga yankinmu da tsakar dare ko da asuba suke tashi, nan ma ake tafka kuskure: in tikiti ya ce ƙarfe 2 na daren Talata da lissafin agogo, to daren Litinin za ku kasance a filin jirgi.

Hajiya Ummu Nabila:

Alhaji ya gama da sama, bari in ɗauko daga ƙasa. Ɗan'uwa, ba ka buƙatar jirgin da zai sauka Tanja. A ƙarƙashin filin jirgin Muhammad na Biyar na Kasabalanka akwai tashar jirgin ƙasa, cikin minti 30 zuwa 40 ya kai ku tashar Casa Voyageurs. Daga nan ku hau Al Boraq, jirgin ƙasa mai gudun tsiya da aka buɗe a Nuwamban 2018, yana kai kilomita 320 a awa tsakanin Kenitra da Tanja, awa biyu da minti goma kun isa. Kujera mai lamba ce, farashin aji na biyu yana hawa da sauka tsakanin kimanin dirhami 150 da 300 gwargwadon lokaci da kusantar ranar. Ana saye a shafin ONCF, hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, ko a tagar tasha. Shawarata kada ku sayi na ranar isowa tun daga gida, don ba ku san tsawon layin shige da fice ba. Ku saya a tasha, jiragen suna tashi kusan kowace awa.

Lokaci: Afrilu zuwa farkon Yuni, ko daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Yuli da Agusta ku ƙaurace musu. Lokacin ne 'yan Maroko mazauna Turai suke kwararowa gida ta tashoshin ruwan Tanja, mutanen cikin ƙasa kuma su taho bakin teku, ɗakin da ke garuruwan gaɓa irin Martil ko Madik sai ya ninka kuɗinsa, titi ya cushe. Disamba zuwa Fabrairu kuwa damina ce da sanyi a can, Rif na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Maroko, kuma tsofaffin gidajen Shafshawan da dama ba su da abin ɗumama ɗaki. Sanyi mai laima ba zai yi wa gwiwar Hajiya daɗi ba. Makon Babbar Sallah ma motoci suna cika tun kafin ranar, shaguna da gidajen abinci su rufe kwanaki.

Kwana goman ga yadda zan raba su: biyu a Tanja, ɗaya ko biyu a Tetuwan, uku a Shafshawan, biyu a Fas, na ƙarshe a hanyar Kasabalanka. Tanja ku je Ras Spartel da kogon Hercules, kimanin kilomita 14 yamma da gari, inda ake ganin Tekun Atlantika yana haɗuwa da mashigin Jibraltar. In sama ta yi garau ana hango gaɓar Sifaniya. Garin Ibn Battuta ne, a nan aka haife shi a 1304, shi da ya ratsa har Takedda a ƙasar Ayar a 1353. Tetuwan tana da nisan kilomita 60 daga Tanja, fararen gidajenta a jingine da dutse, tsohon garinta yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1997, teku kuma kilomita goma ne a Martil. Daga Tetuwan zuwa Shafshawan kilomita 60 da 'yan kai ne amma ku ƙiyasta awa ɗaya da rabi saboda lanƙwasa da hawa. Daga Shafshawan zuwa Fas kimanin kilomita 200, awa huɗu zuwa huɗu da rabi a bas. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Tetuwan ko Shafshawan, bas ɗin CTM ne ko tasi. CTM yana da kujera mai lamba da na'urar sanyaya, ana auna akwati a ba ka shaida a kan 'yan dirhami kaɗan. Layin Shafshawan zuwa Fas yana cika da wuri, ku sayi tikitinsa ranar da kuka iso garin.

Tasi iri biyu ne, kuma wannan ya shafe ku kai tsaye. Ƙaramar tasi ta cikin gari mutum uku kawai doka ta yarda ta ɗauka, yaro ma ana ƙirga shi, ku kuma huɗu ne. Ko ku rabu mota biyu ko ku nemi babba. Tana da mita, ku ce a kunna, da dare ana ƙara rabin kuɗin. Babbar tasi ita ke fita tsakanin garuruwa, kujera shida ce, sai ta cika take tashi, kamar dai motocin tasharmu. Ku biya kujeru shidan duka, motar ta zama taku, Hajiya ta zauna gaba ta miƙe ƙafa, direba ya tsaya inda kuke so. Ku tambayi kuɗin kujera ɗaya a wurin fasinjojin da ke jira sannan ku ninka sau shida, kada ku fara da tambayar kuɗin shata.

Batun gwiwa, gaskiya ɗaya ce: Shafshawan gari ne da aka gina a jikin dutse tun 1471, lungunan nan masu shuɗin fenti duk matakala ne, mota ba ta shiga. Hotunan masauki ba sa nuna maka cewa sai ka hau matakala sittin da akwati kafin ka kai ƙofa, sannan ɗakin yana hawa na uku babu na'urar hawa. Kafin ka biya ka rubuta musu tambaya uku: mita nawa ne daga inda mota ke tsayawa, akwai ɗaki a ƙasa, akwai ruwan zafi da abin ɗumama ɗaki. Nemi masauki kusa da dandalin Uta al-Hammam ko a wajen ganuwa ta ɓangaren sabon gari. Dandalin shimfiɗaɗɗe ne, ga babban masallaci, ga kasba, wato tsohon gidan tsaro mai lambu, ga masu shayi da na'ana'a, Hajiya za ta iya wuni a nan ba tare da wahala ba. Ras al-Ma, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga dutse mata suna wankin darduma, ana iya zuwa da tasi ta bayan gari. A Fas ma zawiyar Shehu tana can cikin tsohon gari kusa da masallacin Ƙarawiyyin, tasi za ta sauke ku a dandalin Rasif, sauran da ƙafa ne. Ku tafi da sassafe kafin lungu ya cika da mutane da alfadarai.

Ɗan Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari. Ga 'yan'uwa masu fasfon Nijar da ke karantawa: mu ba a neman mu da biza a Maroko har kwana 90, kuma Royal Air Maroc yana tashi daga Yamai kai tsaye. Lokacin gasar Kofin Afirka ta 2025 an ɗora mana neman izinin shiga ta intanet na ɗan wani lokaci, don haka a tambayi kamfanin jirgi halin da ake ciki kafin a saya. Rashin biza bai hana jami'in shige da fice ya nemi ganin tikitin dawowa da adireshin masauki da kuɗin guzuri ba. A buga su a takarda, waya tana mutuwa.

Hajiya Ummu Nabila, a yi mini afuwa, a wuri ɗaya na saɓa miki. Ni da Fas zan ce su fara. Tsohuwa ziyara ce ta fito da ita, a kai ta tun tana da ƙarfinta. In aka bar Fas a ƙarshe bayan hawa da saukar Shafshawan, wataƙila gwiwar ta riga ta kumbura. Kuma ya fi tsari ta fuskar komawa. Daga Fas zuwa Kasabalanka jirgin ƙasa na gama-gari ne, kusan awa huɗu, yakan kuma makara. Daga Tanja kuwa Al Boraq ne, awa biyu, ga kiyaye lokaci. Ranar da kake da jirgin sama a gabanka gara ka dogara da na biyun. Wato Kasabalanka, Fas, Shafshawan, Tetuwan, Tanja, sannan a gangaro. Jiragen dawowa yankinmu da dare suke tashi, jirgin ƙasan filin jirgi kuma ba ya kwana yana aiki, a bar Tanja kafin la'asar.

Kuɗi: ba wanda zai canza maka naira a can. Ka riƙe Yuro ko dala, sababbin takardu marasa yagewa; a arewa Yuro ya fi karɓuwa, Yuro ɗaya yana ba da dirhami goma da ɗoriya. A filin jirgi ka canza abin da zai kai ka gari kawai, farashin cikin gari ya fi kyau. Ka adana rasit, da shi za ka mayar da ragowar, domin dirhami ba a fita da shi fiye da 2,000. Tasi da kasuwa da ƙananan masaukai tsabar kuɗi suke karɓa, ka riƙa tara 'yan goma da ashirin. Layin waya akwai Maroc Telecom da Orange da Inwi, ana yankar sa da fasfo. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin namu na Nijar, ku na Najeriya sai kun zo da abin haɗi.

Abubuwan da ke jefa baƙo cikin matsala a wannan yanki uku ne. Na farko, Sabta: gari ne a gaɓar nan kusa da Finidik amma a hannun Sifaniya yake, babu shiga sai da bizar Shengen, kuma jami'an tsaro suna sa ido sosai a kan baƙaƙen fata a hanyar saboda masu ƙoƙarin tsallakawa Turai. Fasfo ya kasance a jikinku kullum, akwai shingayen bincike. Na biyu, ana noman wiwi a tsaunukan Rif, a Shafshawan samari za su tare ka suna tayi ko su ce za su kai ka gona. Ka ce "la, shukran" ka wuce, kada ka karɓi saƙon kowa, doka tana kama baƙo. Na uku, ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kwastan suna ƙwace shi a filin jirgi. Ka kuma tafi da kwafin takardar aure, wasu masaukai suna tambayar Musulmi.

Ta fuskar addini za ku ji kamar gida: Malikiyya ne, karatun Warshu ne, abinci halal ne. Sai dai masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, a je a kan lokaci. Larabcin makaranta ana fahimtarsa, Faransanci yana aiki, a Tetuwan da Shafshawan tsofaffi sun fi jin Sifaniyanci.

Abban Khalil:

Allah ya saka muku da alheri, na fasa wancan tikitin, kuma da Fas za mu fara. Saura biyu. Alhaji, ko ya fi kyau in haɗa tikitin har Fas maimakon jirgin ƙasa? Sannan ni da yaron muna son shiga cikin tsaunin sosai, ina ya dace, kuma ko in ɗauki hayar mota?

Alhaji Mai Tikiti:

Gwada shi. A shafin Royal Air Maroc zaɓi tafiya mai garuruwa da yawa: zuwa Abuja–Fas, dawowa Tanja–Abuja, duka ta Kasabalanka a tikiti ɗaya. Wani lokaci abin da ake ƙarawa bai kai kuɗin jirgin ƙasa na mutum huɗu ba, kayanku kuma su wuce har Fas. Abin dubawa shi ne tsawon jira a Kasabalanka: in ya haura awa huɗu, jirgin ƙasa ya riga ya kai ku. In ka sayi haɗin, dole ku hau kowane zango. Ba a tsallake na Tanja a ce za a tari jirgi a Kasabalanka, tikitin zai mutu. Ka kuma nema wa Hajiya keken guragu ta wurin kamfanin aƙalla awa 48 kafin tashi. Kyauta ne, kuma mai tura ta zai bi da ku layin shige da fice ba tare da doguwar tsayuwa ba.

Malam Mai Sanda:

Abban Khalil, Akshur za ku je. Kimanin kilomita 30 ne daga Shafshawan, minti 45 a babbar tasi, cikin gandun Talasamtan. Mota tana tsayawa kusa da ƙaramar madatsar ruwa, daga nan hanya ta rabu biyu. Ta hagu tana bin rafi zuwa magangarar ruwa: ƙaramar ana kai mata cikin awa ɗaya, babbar sai an yi awa biyu zuwa biyu da rabi, dawowa ma haka. Ta dama tana zuwa wata gadar dutse da ruwa ya fafe, can sama tsakanin tsaunuka biyu, ƙasa da awa ɗaya. Da ɗan shekara bakwai ku tsaya a ƙaramar magangara. Hanyar gadar ta sama siririya ce a bakin rami, ta ƙasa kuma sai an tsoma ƙafa a ruwa ana taka duwatsu masu santsi.

Ku bar gari ƙarfe takwas na safe. Takalmi mai igiya da ƙasa mai kama dutse, silifa da takalmin fata mai sulɓi su ne ke karya mutane a nan. Ruwan sha lita ɗaya da rabi kowane mutum, hula, da rigar sanyi mara nauyi, don kwarin yana shiga inuwa da wuri. Ruwan rafin sanyi gare shi ƙwarai ko da bazara, kada yaro ya daɗe a ciki. In an kwana ana ruwan sama ku ɗaga tafiyar, rafin yana cika farat ɗaya ya rufe matsallaka. A bakin hanya akwai rumfuna da suke ɗora tukwanen tajin, dafaffen nama da kayan lambu, a kan gawayi, lemo da ruwan kwalba a jiƙe cikin rafi. Ku ba da oda kuna hawa, ku tarar ya nuna kuna saukowa, a yi ciniki tun farko. Tasin komawa suna raguwa bayan la'asar, ku yi alkawarin lokaci da direban da ya kawo ku, ku biya shi rabi, sauran sai ya dawo. Dutsen Kala'a da ke saman garin ya haura mita 1,600, yini guda ne cur, ba na yaro ba ne. Wanda kowa zai iya shi ne hawan masallacin Sifaniyawa, minti 20 zuwa 30 daga Ras al-Ma, a je kafin magariba a ga garin duka a ƙasa.

Hayar mota ba ta da amfani a Fas da Tanja, wurin ajiyewa ma wahala ne. Inda take biyan kuɗinta shi ne kwana biyu tsakanin Shafshawan da teku: a gangara ta kwarin kogin Lau zuwa garin Wad Lau, sannan a kama titin gaɓa mai lamba N16, ko arewa zuwa Tetuwan, kimanin kilomita 45, ko gabas zuwa ƙauyen masunta na Jabha. Dutse a gefe ɗaya, Bahar Rum a ƙasa a ɗaya gefen. Hannun tuƙi irin namu ne, amma yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, kuma suna riƙe kuɗin jingina a katin banki mai sunan direba, wanda katin naira ba lallai ya ɗauka ba. Ka tambaya kafin ka je, ka tafi da lasisin ƙasa da ƙasa tare da naka na gida. Ɗauki bidiyon motar ta ko'ina, har tayoyi da gilashi, a gaban ma'aikacin. A gangara ka sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa kafin ya kai ƙasa, alamarsa warin ƙuna da laushin feda, in ka ji haka ka tsaya ya huce. Jandarmomi suna tsayawa da na'urar auna gudu a mashigar garuruwa inda iyaka take 60, tara nan take ake biya a karɓi rasit. Kada ka yi tuƙin dare, hazo yana sauka a kan tsaunin kuma akwai dabbobi a titi. Wanda mota ke juya wa ciki ya sha magani rabin awa kafin tashi. In duk wannan ya yi maka yawa, shatar babbar tasi ta yini ɗaya daga Shafshawan ta Wad Lau zuwa Tetuwan za ta nuna muku hanyar nan ɗin, ta kuma sauke ku da kayanku a ƙofar masaukin gaba.